Tarihin Marigayi Abebe Bikila, Gwarzon Gudun Fanfalaki na Ƙasar Habasha

A wannan shafi mun kawo wa jama'a taƙaitaccen tarihin marigayi Abebe Bikila, ɗan tseren da ciwo da naƙasa ba su raba shi da filin wasa ba.

An haifi Abebe ranar 7 ga watan Agusta, 1932, a ƙauyen Jato da ke lardin Shewa na ƙasar Habasha. Mahaifinsa makiyayi ne, shi ma da kiwo ya tashi. Da ya zama saurayi sai ya tafi Addis Ababa, ya shiga rundunar dogaran Sarki Haile Selassie. A can ne wani mai horar da 'yan wasa daga ƙasar Suwidin, Onni Niskanen, ya gano baiwarsa, ya shiga horar da shi.

Ranar 10 ga Satumba, 1960, makonni uku kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, Abebe ya shiga gudun fanfalaki mai nisan kilomita 42 da 'yan kai a gasar Olamfik ta birnin Rum. Ya yi gudun ba takalmi, ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a wannan gasa, kuma ya ci ta ne a babban birnin Italiya, ƙasar da ta mamaye Habasha daga 1936 zuwa 1941.

Ana shirin gasar birnin Tokyo ta 1964, sai ciwon afendis ya kama shi, aka yi masa tiyata ranar 16 ga Satumba. Mutane da yawa sun cire rai da zuwansa. Amma ranar 21 ga Oktoba, makonni biyar kacal bayan aikin, ya sake zuwa na ɗaya cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya ba na biyu ratar fiye da minti 4. Kafin shi babu wanda ya taɓa lashe wannan tsere sau biyu a jere.

A gasar Meziko ta 1968 ya shiga tseren da rauni a ƙafa, ya daure har wajen kilomita 16 kafin ya janye. Ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ne ya lashe.

Cikin watan Maris na 1969 ya yi hatsarin mota, ƙafafunsa suka shanye. Ya yi jinyar wata 8 a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, ya dawo gida a keken guragu. Duk da haka bai zauna ba. A 1970 ya shiga gasar harbi da kwari da baka da ta ƙwallon tebur, a 1971 kuma ya ci tseren kan ƙanƙara na naƙasassu a ƙasar Norwe.

Ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa. Akwai filin wasa mai sunansa a Addis Ababa.

Muna fata shugabannin ƙananan hukumomi da masu unguwanni za su duba wannan tarihi da idon basira. Yaron da ke bin awaki a ƙauye da wanda ke kan keken guragu, kowannensu yana da haƙƙin a ba shi fili da mai horarwa, da likitan da zai duba lafiyarsa kafin ya shiga gasa.