Katharine Bushnell: Ina Zuciyarka Ta Juya?

Karatu: Farawa 3:16, Farawa 4:7, Waƙar Waƙoƙi 7:10

A ayoyi ukun nan akwai wata kalmar Ibrananci, teshuƙa, wadda ba ta sake fitowa ko'ina cikin Tsohon Alkawari ba. Yawancin masu fassara sun ɗauke ta a matsayin marmari ko sha'awa. Yau za ka ji labarin wata baiwar Allah da ta bi kalmar nan har tushenta.

An haifi Katharine Bushnell a Amurka a 1855. Ta karanci likitanci, a 1879 kuma ta tafi ƙasar Sin aikin mishan. A can ta lura masu fassara sun karkatar da wata aya da ta shafi mata, sai ta ɗaura ɗamarar nazarin Littafi Mai Tsarki cikin Ibrananci da Helenanci. Rashin lafiya ya komo da ita gida a 1882, amma ba ta ajiye aiki ba. Daga baya ita da Elizabeth Andrew suka je Indiya, suka tona asirin yadda ake ajiye mata don karuwanci a barikokin sojan Ingila.

A littafinta, God's Word to Women, ta nuna cewa tsohuwar fassarar Helenanci da Yahudawa suka yi tun kafin haihuwar Yesu ta ba teshuƙa ma'anar juyawa. Saboda haka ta koyar cewa Farawa 3:16 gargaɗi ne, ba umarni ba: Hawwa'u za ta juya daga Allah ta dogara ga mijinta, shi kuwa ya mallake ta. Har yau masana suna muhawara a kan wannan. Ta rasu a 1946.

To, kai fa? Da magariba akuya ba ta bukatar jagora, gidan da ta saba can take nufa. Haka zuciya take. Idan ciwo ya zo ko damina ta gaza, wa kake fara nema? Zunubi ya juyo kan Kayinu, bai kuwa rinjaye shi ba, har ya kashe Habila. Amma a Waƙar Waƙoƙi ango ne ya juyo ga amaryarsa, kamar yadda Kristi ya juyo ga ikilisiyarsa. Shi ya fara nemanka. Ka juyo gare shi yau.

Addu'a: Ya Uba, ta wurin Ruhu Mai Tsarki ka juyo da zuciyata gare ka, cikin sunan Yesu. Amin.