Viollet-le-Duc, Mai Gyaran Tsofaffin Majami'u

Mu mutanen ƙasar Zuru mun san abin da damina takan yi wa bangon da ba a yi masa yaɓe ba. Ashe ko dutse ma bai fi ƙarfin ruwa ba, in ya rasa mai lura da shi.

An haifi Eugène Viollet-le-Duc a birnin Faris ta ƙasar Faransa cikin 1814. Ya ƙi shiga babbar makarantar magina, sai ya dinga yawo cikin ƙasarsu da Italiya yana zana tsofaffin gine-gine, yana lura da yadda mutanen dā suka aza kowane dutse. Cikin 1840, yana da shekara 26, aka ba shi gyaran majami'ar Vézelay wadda ta kusa rushewa, ya kuwa tsai da ita.

Cikin 1844 aka danƙa masa babbar majami'ar Faris, watau Notre-Dame, shi da abokinsa Lassus. Hasumiyoyinta biyu sun yi wajen shekara 600 a tsaye, ruwa ya cinye adon duwatsunsu. Siffofin sarakunan Yahuda 28 da ke jere a gindinsu kuwa, masu tawaye sun fille musu kai tun 1793, suna tsammani sarakunan Faransa ne. Ya kan zana abin da ya lalace tukuna, sa'an nan masassaƙa su sassaƙa sabo a sa a gurbinsa. Ya mai da sarakunan, ya kuma sabunta indararon dutse masu kamar dodanni, gama su ke jefa ruwa nesa da bango. Sai 1864 aka gama.

Ba mu ce ba shi da laifi ba. Masana sun zarge shi da ƙara abin da babu shi dā. Amma sa'ad da gobara ta ka da dogon tsinin da ya gina bisa rufin cikin 2019, zane-zanensa aka bi aka mai da shi, aka sake buɗe majami'ar cikin Disamba 2024.

Ya rasu a Lausanne ta ƙasar Suwizalan cikin 1879, yana kan gyaran majami'ar garin.

'Yan'uwa, namu ɗakunan sujada ba su kai wannan girma ba, amma ruwan ɗaya ne. Bari dattawan kowace ekklesiya su duba indararo da tsagar bango tun rani, kafin hadari ya taso.