César Milstein: Ɗan Mai Talla Da Bai Sa Wa Hajarsa Kuɗi Ba

Duk wanda aka taɓa tsira wa allura a yatsa a wani asibiti a Tamale, Bawku ko Paga, aka ɗiga jininsa a kan ɗan farin katin nan na gwajin zazzaɓin cizon sauro, to ya ci moriyar aikin wani mutum da galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Haka ma wanda aka garzaya da shi babban asibiti da ciwon ƙirji, aka ɗebi jininsa don a gane ko bugun zuciya ne. Sunan mutumin César Milstein.

An haife shi ranar 8 ga Oktoba 1927 a garin Bahía Blanca na ƙasar Ajantina. Mahaifinsa Bayahude ne ɗan ci-rani daga yankin Yukiren, mai yawon talla gari-gari, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce. Ya karanci ilmin sinadarai a Jami'ar Buenos Aires, a 1958 ya sami tallafin karatu zuwa Kambirij a Ingila. Ya koma gida a 1961 ya shugabanci wani sashe a Cibiyar Malbrán, amma zaman bai daɗe ba. Sojoji suka kifar da gwamnati a 1962, aka kori shugaban cibiyar da wasu abokan aikinsa, shi kuma ya ajiye aiki don nuna rashin yarda. A 1963 ya sake tattara komatsansa zuwa Kambirij, inda malaminsa Fred Sanger ya ba shi shawarar ya dubi sinadaran garkuwar jiki da ake kira antibodi.

To, mene ne antibodi? Mu ɗauke shi kamar jami'in kan iyaka wanda fuska ɗaya tak ya sani. Duk cunkoson da ke bakin ƙofa ba ruwansa da kowa, sai mai wannan fuska ya iso ya cafke shi. Jiki na ƙera irinsu iri-iri ba adadi. Matsalar masu bincike a da ita ce, idan suka ɗebo su daga jinin zomo ko doki sai su same su a cakuɗe, kamar buhun da aka zuba gero da dawa da masara wuri guda, kuma na wannan dabba ba ya zama daidai da na waccan. Ɗan kasuwa ya san ba a ciniki da mudun da yau ya cika gobe ya rage.

A 1975 Milstein da wani matashi Bajamushe, Georges Köhler, suka warware wannan ƙulli. Sun yi wa ɓera allurar jinin tunkiya, suka ɗebo ƙwayoyin da ke ƙera antibodi daga saifarsa, suka haɗe su da ƙwayoyin cutar daji waɗanda ba sa daina hayayyafa. Abin da ya fito ya gaji iyayensa biyu: yana ƙera antibodi iri ɗaya zalla, kuma yana ta yaɗuwa a cikin kwalba ba ƙarewa. Mujallar Nature ta buga sakamakon a watan Agusta na shekarar.

Yanzu ga inda zuciya ta shigo. Tun 1965 wani masani ɗan Japan, Setsuro Ebashi, ya gano wani furotin a cikin tsoka mai suna turoponin, wanda ke taimaka mata wajen tsukewa da sakewa. Na tsokar zuciya ya ɗan bambanta da na tsokar hannu ko cinya. Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, tsokar ta fara mutuwa, sai wannan furotin ya zubo cikin jini cikin 'yan sa'o'i, ya kuma yi kwanaki bai gushe ba. Sai dai ɗan mitsitsi ne, kama shi sai jami'in da ya san fuskarsa shi kaɗai. Da dabarar Milstein likita Hugo Katus na Heidelberg a Jamus ya haɗa gwajinsa a ƙarshen shekarun 1980, kuma a 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka ɗauki turoponin a matsayin babbar shaidar bugun zuciya. Da irin waɗannan antibodi ne kuma masu bincike ke rina tsokar zuciya su duba ta a madubin ƙara girma, don fahimtar abin da ke raunana ta. Kada mu ɗauka ciwon Turawa ne kawai. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka rubuta yadda raunin zuciya ke kama mata masu jego da yawa a yankin.

Abin da zai ɗaure wa ɗan kasuwa kai shi ne, ba a yi wa wannan dabara rajistar mallaka ba. Hukumar Ingila da ke da alhakin yin haka ba ta hango ribar da ke ciki ba, daga baya gwamnatin Margaret Thatcher ta yi ta cizon yatsa. Milstein kuwa ya riƙa aika ƙwayoyin nasa kyauta ga ɗakunan bincike da suka roƙa. Wasu a Amurka suka yi rajistar abin da suka gina a kai, kamfanoni suka kwashi biliyoyin daloli. Mu dai a ganinmu, da an kulle dabarar tun ran farko, da wuya ta bazu da saurin da ta yi har ta kai katin gwajin zazzaɓi da na juna biyu zuwa ƙananan asibitocinmu.

A 1984 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Köhler da Niels Jerne. Köhler ya riga shi rasuwa a 1995 yana da shekara 48 kacal. Shi kuwa Milstein ya daɗe yana fama da ciwon zuciya, bai kuma bar ɗakin bincike ba har ya rasu a Kambirij ranar 24 ga Maris 2002, yana da shekara 74. Ya bar matarsa Celia, wadda ita ma masaniyar garkuwar jiki ce, sun yi aure tun 1953.