Sarki Hasan na Masar da fitilunsa na gilashi

Ranar da na fara shiga gidan tarihin kayan Musulunci na Alƙahira, fitilun gilashi ne suka tsayar da ni. An ƙawata su da shuɗi da ja da ruwan zinare, ga Ayar Haske ta Suratun Nur a wuyansu. Da na bincika, ashe da yawansu na masallacin mutum ɗaya ne, Sarki Hasan.

Hasan ɗan Sarki Nasir Muhammadu ne na daular Mamluk. An ɗora shi kan karaga a 1347, bai wuce shekara 13 ba, manyan sojoji ke juya komai. Bai daɗe da hawa ba annoba ta afka wa Masar, ta ci ɗimbin jama'a. A 1351 da ya nemi riƙe mulki da kansa, sai suka tuɓe shi suka tsare, shi kuwa ya duƙufa ga karatu. Sun dawo da shi a 1354.

A 1356 ya fara ginin masallacinsa mai makarantu huɗu na mazhabobi huɗu, har da tamu ta Malikiyya. Wani ɓangare na kuɗin daga dukiyar waɗanda annoba ta kashe ba magaji ya fito. Fitilun kuwa, hura gilashin ake yi da bututu, a zana launi da sunan sarki, a mayar wuta har ya kama. Sai a sa ruwa da mai da lagwani, a rataye da sarƙa.

A 1361 wata hasumiyar masallacin ta rushe kan mutane kimanin 300. Ba a jima ba Yalbuga, bawan da shi ya ɗaukaka, ya yi masa tawaye, aka kashe shi. Ba a ga gawarsa ba, hubbaren da ya gina wa kansa ma ba shi ke kwance ciki ba.

A ƙarni na 19 Turawa masu tara kayan tarihi suka yi ta sayen irin waɗannan fitilu, wata ta Hasan tana gidan tarihin Victoria da Albert a Landan. A Faris kuma wani mai suna Brocard ya riƙa kwaikwayon su, shi ya sa mai saye yau sai ya tantance na asali da na kwaikwayo.

In takardar fam 100 ta Masar ta shigo hannunku, ku duba da kyau, masallacinsa ne a jiki. Allah Ya jiƙansa.