Marian Anderson, Mawaƙiyar da Aka Kora

An haifi Marian Anderson a birnin Filadelfiya ta Amurka a 1897. Tun tana ƙarama take waƙa a majami'a. Da ta girma, ta je neman shiga wata makarantar kiɗa da waƙa, aka kore ta don ita baƙar fata ce. Ba ta karaya ba. Jama'ar majami'arsu suka tara kuɗi, ta koya wurin wani malami, Giuseppe Boghetti. A 1939 mutum wajen 75,000 suka taru a Washinton don jin muryarta. Ta rasu a 1993.

'Yan'uwa, mai zaɓen makarantar waƙa ya dubi malami, ba girman gini ba. Mu kuwa, in mun zama malamai, kada mu kori ɗan kowa.