Mariya Montessori, Likitar Da Ta Sauya Ajin Yara

An haifi Mariya Montessori ran 31 ga watan Agusta, 1870, a wani ƙaramin gari na ƙasar Italiya. A zamanin nan da wuya a ga mace likita a can, mahaifinta ma bai so ba. Amma ta nace har ta gama karatun likita a Jami'ar Rum a 1896.

Aikinta ya kai ta gidajen da ake tsare masu taɓin hankali, inda akan haɗa har da yara masu raunin ƙwaƙwalwa. Ɗaki fayau, babu abin wasa ko ɗaya. An ce ta tarar da yaran sukan tsinci ɓurɓushin burodi a ƙasa bayan an ci abinci. Mai tsaronsu ta ɗauka haɗama ce, ita kuwa ta gane hannuwansu ne ke neman abin taɓawa. Sai ta shiga koyar da irin waɗannan yara da kayan da za su riƙe, su jera, su gwada. Ba a daɗe ba waɗansunsu suka ci jarrabawar gwamnati tare da yara lafiyayyu.

Mutane suka yi ta yabo, amma ita abin ya dame ta. In har waɗannan sun kamo lafiyayyu, to me makaranta take yi wa lafiyayyun?

Ran 6 ga Janairu, 1907, ta buɗe Gidan Yara a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, da yara wajen 50. Ta sa aka yi tebura da kujeru daidai tsawonsu, aka ajiye kayan aiki inda hannunsu zai kai. Kowa ya zaɓi aikin da yake so. Babu bulala, babu kyautar wanda ya zo na ɗaya. Ta yanka haruffa da takardar yashi, yaro yana bin harafi da yatsa yana faɗin sautinsa. Ana nan sai ga 'yan shekara 4 da 5 suna rubutu.

Na san waɗansu iyayenmu za su ce wannan ai sakarci ne. To, akwai doka: in ka gama da abu ka mayar da shi wurinsa, kada kuma ka dami mai aiki. Malama tana lura ne, ba ta cika surutu ba. Abin da ni ke ba ni haushi shi ne, da 'ya'yan talakawa ta fara, amma yawancin makarantun da ke ɗauke da sunanta sai mai hali ke iya biyan kuɗinsu.

Da farko Musolini ya goyi bayanta, daga baya suka ɓata. Ta bar Italiya a 1934, aka kuma rufe makarantunta a can. A 1939 ta tafi Indiya horar da malamai, yaƙi ya tsare ta har 1946. Ta rasu a ƙasar Holan ran 6 ga Mayu, 1952, tana da shekara 81.