Joe Jackson, gwanin besbol da dala 5,000 ta dusashe tauraronsa

An haifi Joe Jackson a 1887 a jihar Karolina ta Kudu da ke Amurka, a gidan talakawa. Tun yana yaro yake aiki a masaƙa, har ya girma bai iya karatu da rubutu ba. A ƙungiyar masaƙar ya fara besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, kuma baiwarsa ta kai shi ƙungiyar Chicago White Sox.

A 1920 aka zargi 'yan wasanta takwas da karɓar kuɗin 'yan caca domin su faɗi da gangan a wasannin ƙarshe na 1919, da suka kara da Cincinnati Reds. Jackson ya amsa cewa ya karɓi dala 5,000. Abin mamaki, a waɗannan wasannin babu wanda ya kai shi yawan bugu mai kyau, har 12. Kotu ta wanke su a 1921, amma kwamishinan wasan, Kenesaw Landis, ya haramta musu shi har abada.

Har yau masoyansa na cewa wayo aka yi wa marar ilimi. Sai dai kuɗin sun shiga hannunsa, kuma wannan ba ya wankuwa da bajinta a fili.

Ya mutu a Greenville a 1951 yana da shagon sayar da barasa. Sai a watan Mayun 2025 aka ɗage haramcin.